Waƙar "Afrique Victime" da abin da muka gani a gadar Gaya

Samarinmu na sauraron kiɗan jitar Mdou Moctar a waya, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da yake faɗa.

Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Buzu ne ɗan jihar Tawa. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke. Faifansa na farko kuwa, "Anar", a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, ya bazu daga waya zuwa waya.

A 2021 ya fitar da "Afrique Victime", wato Afirka da aka zalunta. Saƙon waƙar shi ne, mulkin mallaka ya tafi amma cutar ba ta ƙare ba, kuma yin shiru ba zai fisshe mu ba. Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, amma har gobe ƙauyukanmu da dama ba su da lantarki.

Mu 'yan Gaya mun ɗanɗana. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya rufe gadar Malanville da hanyar Kamba. Manya suka yi rigimarsu, talaka ya koma tsallake kogi a kwalekwale, farashin shinkafa ya tashi. Ba wanda ya nemi shawararmu.

To, in kun sake jin wannan jita, ku saurara da kyau, da mu take.