Ganvie: Garin da Ruwa Ya Zame wa Ganuwa

A ƙasar Hausa, idan jama'a suka ji tsoron hari, ganuwa suke ginawa su kewaye kansu da ita, kamar yadda aka yi a Birnin Damagaram. A kudancin ƙasar Benin kuwa, akwai wata al'umma da ta nemi tsira ta wata hanya daban: ta bar tudu baki ɗaya, ta kafa gidajenta a kan ruwa. Garin nan shi ne Ganvie, a cikin tabkin Nokuwe, arewa da birnin Kwatano, wanda ƴan kasuwar Maraɗi suka daɗe da sanin tasharsa ta jiragen ruwa. Mazaunansa ana kiransu Tofinu, wato mutanen ruwa, kuma yawansu ya haura dubu 20. Tarihinsu tarihin wannan ruwa ne, da yadda amfaninsa ya riƙa canzawa daga zamani zuwa zamani.

Asalin garin yana da alaƙa da cinikin bayi. A ƙarni na 17 da na 18, jiragen Turawa suna cika a gaɓar tekun wannan yanki suna lodin mutane zuwa nahiyar Amurka. Sarki Agaja na Dahome ya ci Alada da yaƙi a 1724, ya kuma ci masarautar Wida a 1727, sai hanyar teku ta shiga hannunsa. Ƙananan al'ummun da ke maƙwabtaka da wannan daula suka zama abin farauta. Bisa ga abin da dattawan Ganvie suke faɗi, addinin mayaƙan Dahome ya hana su bin abokin gaba cikin ruwa. Ko ba don wannan ba ma, rundunar da ta saba yaƙi a tudu ba ta da ta cewa a cikin fadama da laka. Akwai kuma hikayar da ke cewa shugaban masu gudun ya rikiɗa ya zama tsuntsu don ya gano wurin, sa'an nan ya koma kada ya ƙetarar da mutanensa. Sunan garin kansa ana fassara shi da cewa jama'a ta tsira.

Tsira daban, zama daban. Wanda ya bar tudu ya bar gona, ya bar rijiya, ya bar har wurin da zai binne mamacinsa. Sai Tofinu suka kakkafa dirkoki a cikin laka, suka ɗora ɗakunan gora da ciyawa a kansu, domin zurfin tabkin a yawancin wurare bai wuce mita 2 ba. Kwale-kwale ya tsaya musu a matsayin jaki da doki. Maigida da nasa, uwargida da nata, yaro kuma tun yana ƙarami yake koyon iyo da tuƙi. Inda ba makawa sai da ƙasa, kamar makaranta da maƙabarta, jidar ta suka yi da kwale-kwale, suka yi tsibiri da hannunsu.

Babban abin lura shi ne yadda suka mayar da ruwa dukiya. Dabarar sunanta akaja: masunci yana kakkafa rassan itatuwa a wani sashe na tabkin, ganyen ya ruɓe, kifi ya samu abinci da mafaka, ya hayayyafa, bayan watanni sai a kewaye wurin da raga a kwashe. Ke nan akaja gona ce a cikin ruwa: tana da mai ita, tana da iyaka, ana gadonta. Maza ke su, mata ke sayen kifin su kai kasuwa. Masanin nan Georges Bourgoignie ya bayyana wannan tsari a littafinsa na 1972 a kan mutanen ruwa na Dahome. Amma duk inda mallaka ta shigo, rigima na biye. Rassan daga tudu ake sayo su, saboda haka mai kuɗi ne ke iya faɗaɗa akajarsa, talaka kuwa fagen jefa ragarsa sai ƙara tsukewa yake. Satar kifi da dare da rikicin iyaka suka zama abin da dattawa ke sasantawa. Al'ummar da ta gudo don ceton rai ta wayi gari tana gadin dukiya.

Zuwan Faransawa ya taɓa ruwan kansa. A 1885 aka haƙa mashigi a Kwatano, wanda ya haɗa tabkin da teku, ruwan gishiri ya samu ƙofa. Ginin babbar tashar jiragen ruwa, da aka kammala a 1965, ya sa bakin mashigin ya zauna a buɗe. Gishiri ya ƙaru, tare da shi kuma wata tsutsar teku mai cin itace ta shigo, ta yi wa rassan akaja irin ɓarnar da gara ke yi wa azara a tudu. Daga baya kuma wata irin kainuwa baƙuwa, wadda mutanen Yamai suka sani a kogin Kwara, ta riƙa toshe hanyoyin kwale-kwale a lokacin da ruwan koguna ya yawaita. A 2010 ambaliya ta shafi dubban ɗaruruwan mutane a Benin, ƙauyukan tabkin ba su kuɓuta ba. Ga ƙazantar birni da ta garin duk cikin tabkin take ƙarewa, ga zazzaɓin cizon sauro da cututtukan ciki. Mutanen da ke kwana a kan ruwa sai sun jera kwale-kwale a famfo su sayi na sha. Haɗarin da ake tsoro a da daga tudu yake zuwa. Na yau daga ƙarƙashin ɗaki yake tasowa.

A cikin wannan hali ne yawon buɗe ido ya bunƙasa. Turawa sun laƙaba wa Ganvie suna Benis ta Afirka, suna kamanta ta da birnin Italiya da ke kan ruwa. A 1996 Benin ta shigar da garin cikin jerin wuraren da take nema UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya, a 2000 kuma tabkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. Gwamnatin Patrice Talon, wadda ta hau mulki a 2016, ta ɓullo da shirin gyara garin tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Baƙo kan shiga jirgi mai inji daga Abome-Kalabi, ya zaga kasuwar kan ruwa, ya ɗauki hoto, ya koma kafin la'asar. Masu jirage da ƴan rakiya da ƴan masaukai kaɗan suna samu. Macen da ke tallar kifi kuwa, sau da yawa takan sunkuyar da malfarta ta rufe fuska idan aka ɗago na'urar hoto. Wannan sunkuyawa magana ce: kakanninta sun shigo ruwa ne don kada a same su, ga shi yau ana biyan kuɗi a zo kallonta, ba tare da an nemi izininta ba.

Ba za a ce yawon buɗe ido sharri ne ba, domin shi ya jawo hankalin hukuma ga garin da aka daɗe da mantawa. Abin tambaya shi ne wa ke da ikon cewa a shigo ko a dakata, kuma ina kuɗin shiga yake sauka. Idan aka gyara ɗakuna don idon baƙo, aka bar tabkin yana mutuwa, kifi zai ƙare, matasa su hau tudu neman aiki, a bar kango a kan dirkoki. Malamai da ƙungiyoyin al'adu da ke fafutukar kare tsofaffin unguwanni da fadoji suna da abin tunawa a nan: gado ba gini kaɗai ba ne, har da sana'ar da ke ciyar da masu ginin da mutuncinsu. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, in ji Hausawa. Amma a Ganvie wasu ne ke ɗebowa, bakin masunta ke ƙuna. Ruwa ya tsare Tofinu kusan shekaru 300. Yanzu shi ke neman mai tsaronsa.