Yadda Kwantarola Ke Isa ga Model a Manhajojin Intanet

Kwantarola da model biyu ne daga sassa uku na tsarin MVC, wanda ake bi wajen gina manhajojin intanet da dama. Na ukun shi ne sashen nuni, wato shafin da mutum ke gani. Model ne ke riƙe da bayanai da ƙa'idojinsu, kuma shi ke magana da rumbun bayanai. Kwantarola kuwa ɗan aike ne: ya karɓi buƙata daga burauza, ya nemo abin da ake so a wurin model, ya miƙa wa sashen nuni. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Norwe, Trygve Reenskaug, shi ya fito da tsarin a 1979 a cibiyar Xerox PARC da ke Amurka, tun ba a fara shafukan intanet ba.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce kwantarola ya kira model da sunansa kai tsaye. Ruby on Rails, wanda David Heinemeier Hansson ya fitar a 2004, shi ya yayata ta, Laravel na Taylor Otwell ya bi sahu a 2011. A nan kowane model na wakiltar teburi guda a rumbun bayanai, kuma shi da kansa ya san yadda zai nemo bayani, ya adana, ya goge. Martin Fowler ne ya raɗa wa wannan salo suna Active Record. Django, da ya fito a 2005, shi ma haka yake yi, sai dai a can sashen da ake kira nuni ne ke yin aikin kwantarola, abin da kan rikita ɗalibai.

A ɗauki misalin mai sayar da man kaɗanya a kasuwar Aboabo ta Tamale a Ghana da ya buɗe shafin karɓar oda. Mai saye ya latsa oda mai lamba 25. Buƙatar ta isa ga kwantarolan oda, shi kuma ya ce wa model ya kawo ta 25. Model ya tura tambaya da yaren SQL, ya dawo da adadin robobi, da farashi a sidi, da ko kuɗin da aka tura ta waya, wato MoMo, ya shiga. A Laravel ma ba sai kwantarola ya tambaya ba: tsarin na karanta lambar daga adireshin shafi ya damƙa masa odar, in babu ita ya nuna kuskuren 404.

A CodeIgniter na farko-farko sai an loda model da umarni kafin a taɓa shi. CakePHP kuwa suna yake dubawa, ya haɗa kowane kwantarola da teburin da sunansu ya zo ɗaya. Spring da Symfony sun ɗauki wata hanya: ana miƙo wa kwantarola wani matsakaici, shi ke shiga rumbun a madadinsa. Rubutun ya fi yawa, amma gwaji ya fi sauƙi, domin ana iya musanya matsakaicin da na wucin gadi.

Sauƙin kiran model kai tsaye na da tsadarsa. Mai rubutu kan cusa lissafin ragi da haraji cikin kwantarola, ranar da aka zo gina manhajar waya sai an sake rubuta su. Shi ya sa Jamis Buck ya ba da shawara a 2006 cewa kwantarola ya rame, model ya yi ƙiba. Akwai kuma matsalar N+1: in shafi zai jera oda 100, kowacce aka nemo sunan mai ita daban, tambaya 101 ke nan za ta tafi rumbun, alhali biyu sun isa.

Mafi haɗari shi ne kwantarola ya kwashi duk abin da aka cike a fom ya zuba wa model ba tacewa. Ta wannan kafa Egor Homakov ya shiga ma'ajiyar Rails a GitHub a watan Maris na 2012. Rails 4, da ya fito a 2013, ya mayar da tacewar hannun kwantarola: sai ya lissafa filayen da ya yarda a canza. Haka nan kwantarola ne ya kamata ya tabbatar cewa mai neman oda ta 25 shi ne mai ita, in ba haka ba duk wanda ya sauya lambar zuwa 26 zai ga sunan wani da lambar wayarsa. A Ghana, irin waɗannan bayanai suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2012, mai lamba 843.