Sikeli da Ɗan Dambe Mara Nauyi: Nazarin Rayuwar Wasan Manny Pacquiao

Manufar wannan nazari ita ce bin diddigin rayuwar wasan Manny Pacquiao, ɗan damben zamani na ƙasar Filifin, domin mu gano rawar da nauyin jiki ya taka a faɗuwarsa da tashinsa. Mun zaɓe shi ne saboda masu bin dambe a gidajen kallo na Maiduguri da Kano sun san shi, da yawansu sun hana idonsu barci har gab da asuba don ganin karawarsa da Floyd Mayweather a watan Mayun 2015. Sai dai akasarinsu sun san shi ne bayan ya cika ya batse. Shekarun da ya yi yana ƙaramin ɗan dambe, waɗanda a ganinmu su ne ginshiƙin tarihinsa, ba a cika waiwayarsu ba.

Wajibi ne mu fara da fayyace kalmomin da za mu yi aiki da su. Damben zamani shi ne wanda ake yi da safar hannu mai laushi a hannu biyu, a kan dandamalin da aka kewaye da igiya, saɓanin damben gargajiya da ake naɗe hannu ɗaya da zare. Turmi shi ne zango ɗaya na faɗa, tsawonsa minti 3, kuma wasan neman kambu turmi 12 ne. Kambu shi ne matsayin zakaran duniya, wanda hukumomi irin su WBC da WBA da IBF da WBO ke bayarwa, alamarsa ɗamara ce. Kisa, a nan, na nufin a ƙare wasa kafin turmin ƙarshe, ko dai ɗan dambe ya faɗi ya kasa tashi kafin alƙali ya ƙirga goma, ko alƙali ya ga ya jigata ya tsayar da faɗan. Aji kuwa shi ne iyakar nauyin da ɗan dambe ba zai wuce ba a ranar awo, wato ranar da ake ɗora shi a kan sikeli, galibi kwana ɗaya kafin wasa. A da azuzuwa 8 ne, daga baya suka kai 17, mafi ƙanƙanta kilo 47.6. Idan muka ce mara nauyi, muna nufin wanda bai wuce kilo 61.2 ba.

Bisa dangantakarsu da sikeli, ’yan dambe marasa nauyi sun kasu gida uku. Akwai mazaunin aji, wanda jikinsa ya dace da aji ɗaya ya kafu a cikinsa, kamar Gabriel Elorde na Filifin da ya riƙe kambun kilo 59 daga 1960 zuwa 1967, ko Hogan Bassey, ɗan Kalaba, da ya doke Cherif Hamia a Paris a 1957 ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya, a ajin kilo 57.2. Akwai matsattse, wanda jikinsa ya girmi ajinsa amma yake tilasta masa komawa ta hanyar ƙin ci da ƙin shan ruwa da fitar da gumi. Sannan akwai mahayi, wanda ke barin aji ya hau na sama idan jiki ya nema. Abin da ya sa tarihin Pacquiao ya cancanci nazari shi ne ya fara a matsayin matsattse, ya ɗanɗana kuɗarsa, sannan ya koma mahayi.

An haife shi ranar 17 ga Disamba, 1978, a Kibawe da ke tsibirin Mindanao, ya tashi cikin talauci a birnin General Santos. Ƙasarsa ta daɗe da tarihi a ƙananan azuzuwa, tun 1923 da Francisco Guilledo, wanda aka fi sani da Pancho Villa, ya doke Jimmy Wilde ya zama ɗan Asiya na farko da ya riƙe kambun duniya. Pacquiao ya shiga damben neman kuɗi a watan Janairun 1995 yana da shekara 16, nauyinsa kimanin kilo 48. Bahago ne, wato hannun hagu shi ne makaminsa, kuma a wancan lokaci kusan shi kaɗai yake da shi.

A wannan zango na farko ya sha kisa sau biyu, kuma duka biyun suna da nasaba da awo. A 1996 ya wuce nauyin da aka ƙayyade a karawarsa da Rustico Torrecampo, aka hukunta shi da sanya safar da ta fi ta abokin karawarsa nauyi, aka kashe shi a turmi na 3. Ya farfaɗo har ya je Tailan a watan Disambar 1998 ya kashe Chatchai Sasakul a turmi na 8, ya karɓi kambun WBC na kilo 50.8. Amma yaro ne da bai wuce shekara 20 ba, ƙashinsa da tsokarsa ba su gama girma ba, iyakar aji kuwa ba ta motsi. A watan Satumbar 1999 ya sake komawa Tailan don kare kambunsa a gaban Medgoen Singsurat, ya kasa sauka zuwa nauyin ajin, aka tuɓe masa kambu tun a wurin awo. Ya shiga fili a galabaice, naushi a ciki ya kwantar da shi a turmi na 3. Dalilin a fili yake: jikin da aka matse ruwansa ba ya komawa daidai cikin yini guda, ƙafa takan yi sanyi, ciki ba ya jure duka, numfashi kuma yakan gaza. Sikeli ya gama da shi tun kafin a buga ƙararrawa.

Shawarar da ta biyo baya ita ce ta ceci sana’arsa. Ya tsallake azuzuwa biyu a lokaci ɗaya ya koma kilo 55.3. A 2001 ya isa Los Angeles ta Amurka ya haɗu da mai horarwa Freddie Roach, kuma a watan Yunin shekarar, da sanarwar mako biyu kacal, ya maye gurbin wani ya kashe Lehlo Ledwaba na Afirka ta Kudu a turmi na 6, ya ɗauki kambun IBF. Daga nan hawa ya miƙe. Ya kashe Marco Antonio Barrera a 2003 a kilo 57.2. Erik Morales ya doke shi da maki a 2005, abin da ya sa Roach ya duƙufa wajen gina masa hannun dama, Pacquiao kuma ya rama sau biyu a 2006. A 2008 kaɗai ya yi wasa a azuzuwa uku: ya doke Juan Manuel Marquez a kilo 59, David Diaz a kilo 61.2, da Oscar De La Hoya a kilo 66.7. A 2009 ya kashe Ricky Hatton a turmi na 2 a kilo 63.5, sannan Miguel Cotto a na 12.

Abin tambaya shi ne me ya sa hawa bai karya shi ba, alhali ya karya wasu da dama. Mun ga dalilai biyu. Na farko, ƙarfinsa ya dogara ne ga sauri da ƙafa, yakan shiga ya yi duka ya fice ta gefe kafin a mayar masa, kuma wannan baiwa takan ƙara daraja a gaban manyan jiki masu nawa. Na biyu, bai cika jikinsa da nauyin da bai iya ɗauka ba. A karawarsa da Antonio Margarito a watan Nuwambar 2010, wadda ta ba shi kambu a aji na 8, iyakar da aka amince da ita kilo 68 ce, amma shi kilo 65.6 ya auna, kuma a daren wasan Margarito ya fi shi da kusan kilo 8. Ya ci wasan da maki, amma bai sake taka wannan aji ba. Ya kamata mu lura cewa a cikin azuzuwan nan 8, biyu, wato kilo 57.2 da 63.5, kambun mujallar The Ring ne ya riƙe, ba na hukumomin nan huɗu ba.

Sauran tarihin sananne ne. Marquez ya kashe shi a turmi na 6 a 2012, Mayweather ya doke shi da maki, Pacquiao kuma ya doke Keith Thurman a 2019 yana da shekara 40, ya kuma zama sanata a ƙasarsa daga 2016 zuwa 2022.

Wannan nazari ya shafi dambenmu na gida. A gidajen dambe na Arewa, tsakanin ’yan Kudu da ’yan Arewa da Guramada, an saba haɗa wasa ne da ƙalubale da yardar ’yan wasa da idon manya. Tsarin yana da kyawunsa, domin ba ya tura kowa ga yunwa da ƙishirwa don cika awo, kuma ƙaramin da ya kashe babba yakan sami kirari da suna. Amma yana da tsada ga mara nauyi, wanda sau da yawa sai ya kara da wanda ya fi shi jiki nesa ba kusa ba kafin a san da shi. Da a ce babu aji, yaro mai kilo 48 daga General Santos ba zai sami matakalar farko ba. Da kuma ya nace wa ajin da ya yi masa kaɗan, da wuya sana’arsa ta wuce 1999. Saboda haka muna kira ga masu shirya dambe a Maiduguri da sauran garuruwanmu da su ajiye sikeli a gidan dambe, su ware wa marasa nauyi ajinsu da kambunsu, su kuma bar matashin da jikinsa ke girma ya hau aji na gaba ba tare da an tilasta masa matse kansa ba.