Ƙaramin tebur mai durowa, da inda ya fito

A hutun bara gara ta cinye mana takardar haihuwar autata a cikin kwalin da ke ƙarƙashin gado. Duk wanda ya taɓa shirya wa yaro takardun jarrabawa ya san zirga-zirgar da ke biyo bayan haka. Da na gama wahalar, sai na ja ɗana mai shekara 13 muka nufi wani kafinta a unguwarmu a Maraɗi, na ce ya bar mu mu haɗa ƙaramin tebur na gefen gado da hannunmu, shi yana duba mu: tsayi santimita 55, faɗi 40, ƙafa huɗu, durowa ɗaya. Ya yi dariya, ya ce, "Mushe, alli daban, zarto daban." Amma ya yarda.

Ina riƙe da katako yaron yana yanka, sai na tuna cewa a ɗakin kakata babu abu ɗaya mai durowa. Tufafi suna cikin adudu, ƴan kuɗi a ƙulle a bakin zane, takardun kakana kuma a cikin gafaka. Itace kuwa aikin masassaƙi ne. Turmi, akushi, kujerar zaman tsakar gida, duka daga gungume guda ake fafe su da gizago, ba ƙusa, ba gam. Masassaƙi yana rage itace har siffar ta fito. Kafinta kuwa yanka shi yake gunduwa-gunduwa ya sake haɗawa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai da awo.

Ita durowa tsohuwa ce ƙwarai. A 1922 Howard Carter ya buɗe kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar, wanda ya rasu fiye da shekara 3000 da suka wuce. Cikin kayan da aka samu akwai allon wani wasa mai kama da dara, na baƙin itace da hauren giwa, da ƴar durowar da ake zuba ƴaƴan wasan. Ke nan a nahiyarmu an san dabarar tun kafin Turai ta waye da ita. A can Turai akwati mai murfi aka daɗe ana amfani da shi, kuma matsalarsa irin ta adudu ce: abin da kake nema kullum yana can ƙasa. A ƙarni na 17 kafintoci suka riƙa sa durowa a gindin akwatin, daga baya akwatin duka ya zama durowoyi a jere. Teburin gefen gado kuwa ya yaɗu a Faransa a ƙarni na 18, kuma aikinsa na farko ba mai daraja ba ne: ɓoye tukunyar fitsarin dare. Ɗana ya yi ta dariya da na gaya masa.

A nan ƙasar, tebur ya biyo bariki ne. Faransawa sun shigo Damagaram a 1899, Zinder ta zama babban birni kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Ofishin kwamanda da ajin lakwal su ne wuraren da mutane da yawa suka fara ganin tebur mai durowa, kuma abin da ke cikin durowar shi ne rajistar haraji da hatimi. Ina jin shi ya sa tsofaffinmu suka ɗauke shi kayan hukuma. Sai da takarda ta shiga gidan talaka, katin shaida, takardar fili, sakamakon jarrabawa, sannan bukatar wurin ajiye ta ta taso. Mun karɓi takardar, amma da yawanmu har yau a cikin kwali ko leda muke cusa ta.

Siffar da ake kira ta zamani, wato fili sumul ba zane, ƙafafu sirara, ta fi fitowa ne daga arewacin Turai a tsakiyar ƙarni na 20. Kamfanin IKEA, wanda Ingvar Kamprad ya kafa a Suwidin a 1943, yana ba da labarin cewa a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya kasa shigar da wani ƙaramin tebur mai ƙafa uku cikin mota, sai ya kwance ƙafafun. Daga nan suka rungumi sayar da kaya a kwance cikin kwali, mai saye ya haɗa da kansa. Hotunan da kafintocinmu ke kwaikwayo daga waya jikokin wannan salon ne, kodayake katakon daga kudu ake kawo shi, don dajinmu ba ya ba da irinsa.

Ƙafafu da saman teburin kwana ɗaya suka ɗauke mu. Durowar ta cinye kwana uku. Dole ta fi ramin da za ta shiga ƙanƙanta da milimita biyu zuwa uku, saboda katako yana kumbura da damina, yana ƙanƙancewa da hunturu. Idan kusurwa ɗaya ta kauce, durowar ta cije. Ta farko da muka yi ta ƙi shiga. Kafintan bai ce uffan ba, ya miƙa wa yaron ma'auni ya ce ya gwada daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. Ɗaya ya fi ɗaya da milimita 6. Wannan darasi ne da na sha rubutawa a allo, ɗan nan nawa kuma yana cikin masu hamma lokacin da ake yin sa. Ranar nan da kansa ya sake lissafin, ya sake yanka. Abin ya ɗan sosa min rai, don mu malamai da iyaye ne muke tsorata yaro da cewa in bai yi karatu ba za a kai shi wurin kafinta.

Teburin yana gefen gadona yanzu. Ƙafa ɗaya ta ɗan gaza, mun sa mata guntun kwali. Takardun gidan duka suna cikin durowar, kuma duk Juma'a yaron yakan ja teburin ya duba bayansa ko gara ta fara gini.