Zoben Aure: Daga Ƙarfen Rumawa Zuwa Tallar 'Yan Lu'ulu'u

Wani Alhaji mai fataucin shanu ya bugo mana waya yana cewa ɗansa ya nace sai an sayi zoben baiko, kuɗinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Tambayarsa ita ce: wannan abu daga ina ya fito?

To, Alhaji, asalinsa ciniki ne. A tsohuwar daular Rumawa, idan an daidaita magana, namiji kan ba yarinya zoben baƙin ƙarfe, kamar dai kafin alƙalamin da kuke ajiyewa a kara don kada a sayar wa wani da sa. Zinari sai daga baya ya shigo, a gidajen masu hali. Suna sa shi a yatsan da ke bin ƙarami a hannun hagu, wai akwai jijiyar da ta tashi daga nan ta zarce zuciya. Likitoci sun nuna ba haka ba ne, amma al'adar ta zauna. Ko a Turai ma ba a haɗu a kan hannu ɗaya ba: a Rasha da Jamus, dama ake sa zoben aure.

Coci ta karɓi abin, har Fafaroma Nikolas na Ɗaya ya ambace shi cikin wata wasiƙa a shekarar 866. A 1477 Yarima Maksimiliyan na Ostiriya ya ba Maryamu ta Burgundi zobe mai lu'ulu'u, wato daimon. Amma wannan harkar 'ya'yan sarauta ce, talaka bai san ana yi ba.

Inda labarin ya fi ɗaukar hankalina shi ne nan. Wajen 1867 aka gano lu'ulu'u a Afirka ta Kudu, dutsen da da ƙyar ake samu ya yawaita. Ku 'yan kasuwa kun san abin da ke faruwa idan kaya ya cika kasuwa. Sai kamfanin De Beers, wanda aka kafa a 1888, ya riƙe yawancin hajar yana sakinta kaɗan-kaɗan. Da ciniki ya ja baya a Amurka, a 1938 ya ɗauki masu talla, suka shiga jaridu da 'yan fim suna cusa wa samari cewa baiko ba lu'ulu'u bai cika ba. Har ƙa'ida suka yanka: albashin wata guda, daga baya suka mai da shi wata biyu. Kun ji fa, mai kaya ne ya yanke wa mai saye abin da zai kashe! Kuma ranar da ka mai da dutsen kasuwa, da wuya ka ga kuɗinka, ba kamar zinari da ake aunawa a biya ba.

A wurinmu waliyyi da shaidu da sadaki ne ke ɗaura aure, goro ya shaida wa gari. Zobe ya zo a hadisi, inda Manzon Allah (SAW) ya umarci wani sahabi marar hali ya nemo abin sadaki ko da zoben ƙarfe ne. Lura, a matsayin sadaki ya zo, dukiyar amarya ta kanta, kamar saniyar da Bafulatani ke bayarwa, wadda za ta haihu a garke. Malamai kuma sun ce zinari na mata ne, namiji sai azurfa.

Saboda haka, Alhaji, in yaro ya matsa, a tambaye shi ko zoben cikin sadaki yake. In a ciki ne, a kai wa maƙeri ya auna a gaban waliyyin yarinya.