Jihar Agadez da Giɓin Ci Gaba a Nijar

Agadez ita ce jiha mafi faɗi a Jamhuriyar Nijar, ta ƙunshi fiye da rabin ƙasar. An fara haƙar yuraniyam a Arlit a 1971, sannan a Akokan a 1978, amma mafi yawan ribar ta wuce Yamai da Faransa. Wannan ƙorafi na cikin abin da ya haddasa tawayen Abzinawa na shekarun 1990 da na 2007. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin yankin kashi 15 cikin 100 na kuɗin da gwamnati ke samu daga ma'adinai.

A ƙididdigar talauci, Agadez ta fi Maradi da Damagaram sauƙi. Sai dai arzikinta ba ya zama wuri ɗaya: yawon buɗe ido ya durƙushe saboda rashin tsaro, zinariyar Djado ta ɓullo a 2014, wata doka ta 2015 ta daƙile jigilar baƙin haure har aka soke ta a 2023, kamfanin COMINAK mai haƙar yuraniyam a Akokan kuma ya rufe a 2021. Hanyar Tahoua zuwa Arlit, wadda yuraniyam ya bi shekara da shekaru, ta lalace ƙwarai. Da saura kafin a ce jihar ta cike giɓin.