Ƙudan rairayi a duwatsun Cévennes na Faransa: inda yake zama da dalili

Ƙudan rairayi, wanda ake kira filebotom da Faransanci, ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai tsawon milimita 2 zuwa 3. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, shi ya sa mutum ba ya sanin zuwansa. Macen ce ke shan jini, daga faɗuwar rana zuwa cikin dare, kuma ta wurin cizonta cutar leshmaniyoz ke shiga jikin mutum ko dabba. An fi saninsa a ƙasashe masu zafi, amma yana zaune daram a duwatsun Cévennes, a kudancin Faransa, inda ake tsananin sanyi a lokacin hunturu.

Duwatsun suna tashi daga filayen da ke kusa da Bahar Rum har zuwa ƙololuwar Aigoual, mai tsawon sama da mita 1,500. Tun shekarun 1960 Farfesa Jean-Antoine Rioux na jami'ar Montpellier da abokan aikinsa suka bi yankin mataki-mataki suna ƙirga ƙudan. Dabarar ba ta da wuya: a shafa wa takarda man zurma, a cusa ta cikin ramukan katangun duwatsu na gefen hanya, bayan ƴan kwanaki a dawo a tattara abin da ya maƙale.

Iri biyu ne ke ɗauke da cutar a yankin. Phlebotomus perniciosus ya fi yawa a ƙasa-ƙasa, wajen gaɓar teku, inda aka fi zafi da bushewa. Phlebotomus ariasi kuwa shi ne na cikin dutse. Ya fi taruwa a tsakiyar gangare, tsakanin mita 300 zuwa 500, a cikin dazukan itacen da Faransawa ke kira shen. Idan aka ƙara hawa sai ya ragu, har ya ɓace a sama inda sanyi ya yi yawa. Saboda haka masu binciken suka nuna cewa taswirar itatuwa na iya nuna inda haɗarin cutar ya fi ƙarfi.

Dalilin wannan rabo yana cikin rayuwar ƙwaron. Tsutsotsinsa ba sa girma a ruwa kamar na sauro; ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi suke so. A can suke kwanciya su wuce hunturu, manyan kuma ba sa fitowa sai daga Yuni zuwa Satumba, sun fi yawa a watan Yuli. Ƙudan ba ya da ƙarfin tashi, iska na hana shi fita. Tsakiyar gangaren ce ke haɗa masa ɗumi da laima da mafaka. Duk da rauninsa, gwajin da aka yi a yankin tare da masanin Ingila Robert Killick-Kendrick, inda aka sa wa ƙudaje alama aka sake su, ya nuna mace na iya yin tafiyar kilomita 2.

Ƙwayar cutar da ke can, Leishmania infantum, a jikin karnuka take zama. Idan ta shiga mutum tana iya kama saifa da hanta, da zazzaɓi mai daɗewa, kuma tana kisa in ba a yi magani ba. Ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki ne suka fi shiga haɗari. Yanzu masana na sa ido su ga ko ɗumamar yanayi za ta tura ƙudan sama da inda ya saba tsayawa.

Mu ma a Nijar muna da danginsa, Phlebotomus duboscqi, mai yaɗa nau'in cutar da ke fitowa a fata kamar gyambo. Tun 1911 wani likitan Faransa, Stévenel, ya ba da rahotonta a yankin Damagaram. Ƙudan na iya ratsa idon gidan sauro na yau da kullum, don haka mai magani ya fi kariya. Duk gyambon da ya yi makonni bai warke ba, a kai shi asibiti.